Kifi ɗaya, doka biyu: a wannan kogi ka sake shi, a wancan ka kashe shi

Ɗan Bozeman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata doka da nake so manyanmu su duba mana, musamman Baban Yauri. A gandun daji na Yellowstone a Amurka, kusa da garin da nake karatu a jihar Montana, akwai kifin da ake kira tirawut, kifin ruwan sanyi ne na rafukan kan duwatsu. Akwai irinsa guda mai ratsin bakan gizo a gefe. In ka kama shi a kogin Madison ko Firehole, doka ta ce lallai ka mayar da shi ruwa da ransa. In kuwa a kogin Lamar ka kama shi, ko a rafukan da ke zuba cikinsa, doka ta ce lallai ka kashe shi, sakinsa da rai laifi ne. Gandu ɗaya, hukuma ɗaya, takardar izini ɗaya. Sannan ba a sa tana a ƙugiya, ba a amfani da dalma, kuma sai ka matse ƙayar ƙugiyarka da filaya kafin ka jefa. Ni dai na ga hikima a ciki, amma ina son jin ta bakinku.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Tsaya tukuna. Ka biya kuɗi, ka shiga ruwan sanyi, ka kama kifi, sannan ka sake shi? To me ka je yi?

Baban Yauri: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin mu kai ga doka, gaya mini. Ƙugiyar da babu tana, babu tsaki, babu komai, me kifi zai gani ya haɗiya? A ruwa na tsufa, ban taɓa ganin kifin da ya ci ƙarfe tsirara ba.

Ɗan Bozeman: Allah ya ja da ranka Baba, ai ba tsirara take ba. Ana naɗa mata gashin wuyan zakara da gashin barewa da zare har ta fito da siffar ƙwaro. Abincin kifin nan ƙwari ne, waɗanda ke tasowa daga ƙarƙashin duwatsun rafi su fashe a saman ruwa su tashi, da waɗanda iska ke jefowa daga ciyawa. Kowane wata da ƙwaronsa. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli akwai wani babba mai tsawon ɗan yatsa, a Agusta kuma fara ce ke yayi, kowa sai ya ɗaura ƙugiya mai siffar fara. Wahalar ita ce ƙwaron ƙaryan nan ba shi da nauyin da za a wurga shi. Nauyin a jikin igiya yake, igiya mai kauri, a ƙarshenta a ƙulla siririn zaren roba wanda kifi ba ya gani. Sandar ta kusa mita 3. Ana kaɗa igiyar gaba da baya a sama har ta miƙe, sannan a sauke ƙwaron a hankali sama da inda kifin yake, ruwa ya kawo masa shi. In igiya ta fizgi ƙwaron ya yi gudun da ya saɓa wa na ruwa, ko kallonsa kifin ba zai yi ba.

A rafin Soda Butte na tsaya na kalli wani dattijo yana yi. Ruwan garai-garai, kana ganin kifin kwance bayan dutse yana kaɗa wutsiya. Ya taso a hankali, ya bi ƙwaron da baya da baya kamar taku biyu yana dubansa, sannan ya buɗe baki. Dattijon ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, ya zare ƙugiyar kifin na cikin ruwa, ya riƙe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, har ya fizge da kansa ya tafi.

Hajiya Mai Tarwaɗa: Ikon Allah. Wato dai wasa ake yi da abinci. Ni abin da ya ɗaure mini kai zancen kashe a nan, saki a can. Laifin me kifin Lamar ya yi?

Dakta Rabi: Hajiya, laifinsa baƙunta. Tirawut ba iri ɗaya ba ne. Ɗan asalin wancan yanki shi ne mai jan zane biyu a ƙarƙashin haɓa. Mai bakan gizo daga kogunan da ke zuba tekun Pasifik aka kawo shi. Mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo daga Turai yake, ƙwansa ya fara isa Amurka daga Jamus a 1883. Akwai na rafi daga gabashin Amurka, akwai kuma na tafki, wanda ya fi su duka girma. Tun 1889 gwamnati da hannunta ta fara zuba baƙin nan a gandun, don a lokacin ruwaye da yawa babu kifi ko ɗaya a cikinsu, gangaren ruwa mai tsawo ya hana kifi hawa. Firehole ta sama haka take, da aka zuba baƙo a can bai kori kowa ba. Lamar kuwa gidan mai jan haɓa ne. Shi da mai bakan gizo lokacin zubar ƙwansu ɗaya, bayan hunturu, a kan tsakuwa ɗaya, sai su haɗu. 'Ya'yan da ke fitowa kuma suna haihuwa, saboda haka kowace shekara jinin na asalin yana ƙara narkewa. Kifin da ake cinyewa, in aka rage mai cinsa zai farfaɗo. Wanda ya gauraya kam ba a tace shi.

Ɗan Bozeman: Haka ne Anti. Sai dai kada na yi wa hukumar kwalliya. Madison akwai 'yan gida a da, baƙin ne suka kore su tun tuni. Abin da ya sa ake lallashin baƙo a can shi ne kogin ya yi suna a duniya, garuruwa irin su West Yellowstone da Ennis da shi suke ci. Madison da Firehole da Gibbon ta ƙasa ma ba a yarda da kowace irin fatsa ba sai ta ƙwaron ƙarya.

Auta: Ahaf. Baƙo mai kawo kuɗi ya zama ɗan gari ke nan. To in na kamo ruwa-biyun, ta yaya zan gane shi?

Ɗan Bozeman: Ka duba fiffiken cikinsa, in bakinsu fari ne akwai jinin bakan gizo. Haka in ɗigo ya yi yawa a kansa. Doka ta ɗora maka nauyin sanin abin da ka kama. In ba ka tabbata ba, ka sake shi, don duk kifin asali a gandun an hana kashe shi tun 2001.

Baban Yauri: Duk wannan ɗawainiya a kan kifin da bai kai dantse ba?

Ɗan Bozeman: Baba, bari ka ji abin da ya tsorata su. Tafkin Yellowstone yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga teku, kuma shi ne babbar matattarar mai jan haɓa. A 1994 aka tabbatar tirawut na tafki ya shiga cikinsa. An fi zaton wani ne ya ɗebo shi daga tafkin Lewis da ke kusa ya zuba a ɓoye. Babba guda na cin kimanin 40 na 'yan gida a shekara. Akwai wani rafi, Clear Creek, inda ake ƙirga kifin da ke hawa zubar ƙwai. A 1978 an ƙirga sama da 70,000. A 2007 ba su kai 600 ba. Kuma abin bai tsaya a ruwa ba. Mai jan haɓa yana yawo a sama-sama, yana hawa ƙananan rafuka, beyar na kama shi, gaggafa na kama shi, karen ruwa na kama shi. Na tafki kuwa a can ƙasa yake zama, a cikin tafkin yake zubar ƙwai, babu dabbar da ke isa gare shi. Tsuntsayen da suka dogara da kifi suka ragu a bakin tafkin, beyar ta ƙara matsa wa 'ya'yan elk, wata babbar barewa ta can. Yanzu duk bazara jirage na shimfiɗa taru a tafkin. An fitar da na tafkin sama da miliyan 4, kuma aikin na cin sama da dala miliyan 2 a shekara. Har mushen kifi suke jibgewa a kan duwatsun da yake zuba ƙwai, don ruɓewar ta shanye iskar ruwan ƙwan ya mutu.

Hajiya Mai Tarwaɗa: Miliyan 4? Ina ake kai su?

Ɗan Bozeman: Ana huda jakar iskarsu a mayar da su wuri mai zurfi su nutse.

Hajiya Mai Tarwaɗa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ina nan ina lissafin buhun abincin kifi ina kasa barci, wasu na nutsar da kifi miliyan 4. Ko banda ba za su yi ba? Babu mabukata a ƙasar ne?

Dakta Rabi: Hajiya, dokarsu ba ta yarda a yi kasuwancin kifin gandu ba. Sannan sun ce abin da kifin ya ci daga tafkin ya fito, in aka mayar da gawarsa takin ya zauna a ciki. Amma mai fatsa in ya kama yana iya tafiya da shi gida ya soya, ko nawa ne.

Baban Yauri: A nan kam na ba su gaskiya, Hajiya ki yi haƙuri. Ranar da aka buɗe wa kifin nan kasuwa, ranar ya sami masu tsaronsa. Masunci ba ya ƙarar da abin da yake sayarwa. Zai riƙa kwasar manya yana barin ƙanana su girma, wani ma ya ɗiba ya kai wani tafkin. Na san halinmu.

Ɗan Nairobi: Salamu alaikum, yanzu na shigo. Labarin nan ai na giwan ruwa ne a tafkin Victoria. Mu a Neja da Binuwai da tafkin Chadi ɗan gida ne, bai taɓa ƙarar da kowa ba. Aka zuba shi a Victoria a shekarun 1950, ya share ƙananan kifaye iri wajen 200 waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Kuma abin da Baba ya faɗa shi ya faru, yanzu masana'antu na fitar da namansa Turai, wa zai ce a kawar da shi?

Ɗan Bozeman: Abin dariyar ma, na tafkin nan da ake yaƙa a Yellowstone, a manyan tafkunan arewacin Amurka shi ne ɗan gida, kuɗi ake kashewa don a dawo da shi. Na tafkin Lewis asalinsu daga tafkin Michigan aka kawo su a 1890, daga baya kuma aka koma Lewis ɗin neman iri don a mayar Michigan.

Malam Na Zariya: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Kashe baƙon kifi don kare wanda ake tsoron ƙarewarsa ba ni da ja a kansa, maslaha ce bayyananniya. Inda nake da magana shi ne tambayar Auta, wadda aka tsallake. Allah ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 96. Amma a Risala, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin bara. Mutumin da ya fito neman abinci ya kamo wanda doka ta hana, ya sake shi, wannan daban. Wanda kuwa ya fito tun daga gida da niyyar ya soka wa halitta ƙarfe a baki, ya ja ta har ta galabaita, ya ɗauki hoto, ya sake ta, ya nemi wata, me za mu kira wannan?

Injiniya Munich: Allah ya gafarta Malam, da a Jamus kake da an ce kai ka rubuta dokar. A nan Bavaria sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka lasisin kamun kifi. Dokar kare dabbobi ta ce ba a wahalar da dabba sai da dalili karɓaɓɓe, kuma ci shi ne dalilin da kowa ya sani. Wanda ya fita da niyyar kamawa ya saki don nishaɗi ana iya kai shi kotu. Suwizalan ma ta hana wannan tun 2008. In ka kamo tirawut mai ruwan ƙasa da bai kai santimita 26 ba, ko a lokacin hani da ke farawa 1 ga Oktoba, don shi da kaka yake zubar ƙwai, dole ka mayar. In ya kai, ka buge shi a ka ya suma, ka yanka, ka sa a jaka. In ka cika adadin da aka yanka maka na ranar, ka naɗe igiyarka ka tafi gida. Abin da ake yaba wa mutum a Montana shi ake tuhumarsa a kai a nan.

Ɗan Bozeman: Allah ya gafarta Malam, ban isa na ja da nassi ba. Amma a duba yawan jama'a. Sama da mutum miliyan 4 ke shiga gandun nan a shekara. In kowane mai fatsa ya tafi da biyu, mai jan haɓa ba zai kai baɗi ba, don ba shi da wayo, shi ne mafi saurin cin ƙugiya a duk danginsa. An yi bincike a wani yanki na kogin Yellowstone a 1981, aka ga kifi guda ana kama shi kusan sau 10 kafin lokacin kamu ya fita. Da ana ci, kamun farko ya ƙare.

Dakta Rabi: Kuma a nan ne hana tana ya shigo. Tana kifi haɗiye ta yake yi har ciki, ƙugiya ta kama maƙogwaro ko inda yake numfashi. Wanda aka kama da tana aka saki, kusan ɗaya cikin uku mutuwa yake yi. Ƙwaron ƙarya a leɓe yake kamawa, mace-macen ba su kai 5 cikin 100 ba. Matse ƙayar kuma don a zare da sauri ne ba tare da an yage baki ba. Dalma kuwa tsuntsayen ruwa ke tsinta tare da tsakuwa ta kashe su. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani.

Malam Na Zariya: Ɗana, hujjar da ka kawo ai tawa ce. Kifi guda a soke shi sau 10, ka ce an ji tausayinsa? In kare shi ake so, a rufe ruwan mana.

Ɗan Bozeman: An rufe wasu, Malam. Akwai wata gada a inda kogi ke fita daga tafkin, da can mutane kan jeru a kanta kafaɗa da kafaɗa suna jefa fatsa, tun 1973 aka hana, yanzu sai dai a leƙa a kalli kifi. Amma in aka rufe duka, waɗanda ke biyan kuɗin izini, suna tara gudummawar jiragen taru, suna damun 'yan majalisa in za a taɓa kogi, su ne masu fatsar nan. Wanda bai taɓa riƙe kifin a hannu ba ba zai yi masa faɗa ba.

Malam Na Zariya: Wannan hujjar siyasa ce, kuma na ji ta. Ba ta sauya abin da kifin ke ji a bakinsa ba. Kai dai in ka fita, ka nufi inda aka ce a kashe baƙo, ka kama ka ci. Ka taimaki ɗan gida, ka kuma fita daga shubuha.

Auta: Malam ya ba da mafita, Yaya sai Lamar. A aiko mana da banda.

Baban Yauri: Ni tambayata daban. Nawa ne takardar, nawa ne kayan?

Ɗan Bozeman: Takardar gandu dala 40 ta kwana 3, dala 55 ta kwana 7, dala 75 ta shekara, ga duk wanda ya kai 16. Lasisin jiha ba ya aiki a ciki. Yawancin ruwaye daga ƙarshen Mayu ake buɗe su zuwa ƙarshen Oktoba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, sanda ɗaya ga mutum ɗaya. Kaya kuwa, sanda da igiya da wandon roba na shiga ruwa da takalmi, ko masu araha ne sai ka kashe ɗaruruwan daloli.

Baban Yauri: To ka gani. Dokar ƙosassu ce. An hana tana, abin da yaro zai tona a bayan gida kyauta, an halatta abin da sai mai kuɗi. Ba na cewa babu amfani, na ji bayanin Dakta. Mu ma mun san hani. Matan Fada a Argungu ba a taɓa ta sai ranar da aka buɗe, kuma ba ɗan sanda ke tsaronta ba, Sarkin Ruwa ne da kunyar idon jama'a. Amma ranar da aka buɗe, abin da homa ta kamo ba ya komawa ruwa. A Kainji an hana taru mai ƙananan idanu, kowa ya san dalili, kowa ya yarda a baki, da dare kuma a shiga, don yara ba su ci ba. Mai yunwa ba ya sakin kifi. Su can sun ƙoshi ne shi ya sa dokar ta zauna.

Ɗan Bozeman: Ban musa ba Baba, mafi yawan waɗanda nake gani a bakin kogi da manyan motoci suke zuwa. Amma Montana ta yi abu biyu da talaka ya amfana. A 1985 ta kafa doka cewa kogi na kowa ne har iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Ko ta tsakiyar gonar attajiri ya ratsa, in ka shiga ta gada ko hanyar gwamnati kana iya bin cikinsa, bai isa ya kore ka ba. A Wyoming da ke maƙwabtaka kuwa ƙasan kogin na mai gona ne, kana iya wucewa a kwalekwale amma in ka sa ƙafa ƙasa ka shiga gonar mutum. Na biyu, tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, bayan wani ma'aikacinta, Dick Vincent, ya nuna a Madison cewa inda aka daina zubawa kifin daji ƙaruwa ya yi. Kuma a wajen gandu akwai ruwaye da yawa da ake sa tana a kuma tafi da kifi gida.

Hajiya Mai Tarwaɗa: Wannan na yarda da shi. Kifin kiwo ba ya jure daji, ya saba a watsa masa. Amma tsaya, ruwan nasu ba ya zafi ne sam?

Dakta Rabi: Yana yi, kuma shi ne babbar damuwarsu yanzu. Kin san yadda kifinki ke tasowa sama yana haki in iska ta yi ƙaranci a kududdufi. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi, tirawut kuma ba shi da juriyar tarwaɗa ko kaɗan. Da ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala, wanda aka ja da ƙugiya a wannan hali ko an sake shi da wuya ya rayu. A Montana in ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, ana hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Firehole ma da maɓuɓɓugan ruwan zafi ke zuba cikinta, ita ke fara ɗumama.

Injiniya Munich: Akwai kuma zancen takalmi. Na ji an hana mai tafin tsumma.

Ɗan Bozeman: Tun 2018. Tafin yana hana santsi a kan dutse, amma yana daɗewa bai bushe ba, sai ya ɗauki ƙwayar cuta ko ƙananan dodon koɗi daga wannan kogi zuwa wancan. Akwai wata cuta da ke cin guringuntsin ƙananan kifi har su riƙa juyawa wuri ɗaya. Daga Turai ta zo, mai ruwan ƙasa ya saba da ita, amma ta yi wa mai bakan gizo ɓarna sosai a Madison a shekarun 1990, a 1998 kuma aka same ta a tafkin Yellowstone.

Auta: Ni fa tunanin kasuwa nake. Mambila akwai sanyi, akwai rafuka. Me zai hana mu kai kifin nan can, Turawa su riƙa zuwa suna biyan dala suna saki? Kifi na nan, kuɗi na shigowa.

Ɗan Nairobi: Ƙanina, Turawan mulki sun riga ka. A 1905 aka zuba tirawut a kogin Gura a duwatsun Aberdare, yana nan har yau a can da rafukan Dutsen Kenya, da lasisi ake kamawa kuma da ƙwaron ƙarya. Abin da ya fi kawo kuɗi ma ba kifin ba ne. Akwai masana'antu a nan Kenya da mata da maza ke zaune suna naɗa ƙwarin nan da hannu ana fitarwa Amurka da Turai. Ba mamaki wanda dattijon Soda Butte ya ɗaura daga nan ya tafi. A Lesotho kuma ana kiwonsa a keji a madatsar Katse ana kai wa har Japan.

Dakta Rabi: Ka ƙarasa labarin Lesotho mana. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi na duwatsun Maloti da kusan babu shi a ko'ina sai can, tirawut ya kore shi daga mafi yawan rafukansa, sai inda gangaren ruwa ya tare baƙon ya saura. Auta, duk abin da muke tattaunawa tun safe daga irin shawararka ya faro.

Auta: Na janye, Anti. A koya mini naɗin ƙwaro kawai.

Baban Yauri: Saura tambaya ɗaya. Tafki ana sa taru. Rafi mai duwatsu fa, in baƙo ya cika shi, fatsa ba za ta ƙarar da shi ba. Me suke yi?

Ɗan Bozeman: Guba suke zubawa, Baba. Sunanta rotenon, daga saiwar wasu tsirrai ake samunta. An yi a Soda Butte ta sama a 2015 da 2016 don kawar da tirawut na rafi. Aka sake ganinsa bayan 'yan shekaru, aka maimaita a 2023.

Baban Yauri: La ilaha illallahu. Magimfa ke nan! Abin da kakanninmu ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso, aka zo aka ce mu jahilai ne, aka hana. Ashe in mai digiri ya zuba sunansa gyara.

Dakta Rabi: Baba, ka canka, dangin sinadarin ɗaya ne da na magimfa. Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an wanke masu zuba maganin ƙwari Gamalin a ruwa. Gamalin yana daɗewa a ruwa da jikin kifi, ya shiga cikin wanda ya ci. Rotenon rana da ɗumi na karya shi cikin 'yan kwanaki. Sannan dubi yadda suke yi. Kafin a zuba, ana bin rafin da na'urar lantarki a sumar da kifi, a tsince 'yan gida a ajiye su a wani ruwa. Ana auna yawan ruwan da ke gudu a ɗiga maganin daidai gwargwado. A ƙasa, inda aka yanke iyaka, ana zuba wani sinadari mai ruwan shuni da ke kashe ƙarfinsa don kada ya wuce. In ruwa ya wanke a dawo da waɗanda aka ajiye.

Baban Yauri: To ƙwarin da kifin ke ci fa? Magimfa dai na san ba ta zaɓe.

Dakta Rabi: Wannan ma ba ya zaɓe. Yana kashe tsutsotsin ƙwari da yawa da talibambam, duk abin da ke shaƙar iska daga cikin ruwa. Shi ya sa suke jira sai ƙarshen bazara, ruwa ya ja baya, yawancin talibambam sun zama kwaɗi sun fita. Ƙwari kuma suna dawowa daga rafukan gefe da ba a taɓa ba, wasu cikin shekara guda, wasu sai sun ɗauki shekaru. Akwai masu fatsa da mazauna yankin da har yau ba su yarda da aikin ba, duk lokacin da za a yi sai an sha rigima a taron jin ra'ayi.

Hajiya Mai Tarwaɗa: Dakta, mai ruwan shunin nan, ba shi ne wanda muke wanke kifi da shi in sun yi ƙuraje ba?

Dakta Rabi: Shi ne Hajiya, famanganet. Amma awonsa a kududdufi daban ne, in ya yi yawa yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Ki turo mini faɗi da zurfin naki ta akwatin sirri in lissafa miki.